Abin da 'Yar Ja Ta Sha

Remigio Ayaviri na durƙushe a tsakar gida yana wasa bakin garma da magagari, sai aka banko ƙofarsa da ƙafa. Ba sallama, ba gaisuwa. Mutum bakwai suka shigo, Toribio Claros a gabansu, ƙato mai wuyan bijimi, igiyar ɗaure kaya a hannunsa.

"Tashi, ɗan rami."

Shekara goma sha tara Remigio na zaune a Sarakuchu. Ya auri 'yar garin, ya haƙa magudanar ruwa tare da kowa, ya ɗauki gawar iyayensu a kafaɗa, amma duk ranar da rai ya ɓaci sunansa ɗan rami, don daga ramukan haƙar kuza na kan tudu ya gangaro. Mutanenmu ba su da laifi wajen karɓar baƙo, sai dai ba sa mance inda aka binne cibiyarsa.

"Lafiya, Toribio? Da sassafen nan?"

"Lafiyar ke nan."

Ya ɗauke shi da mari, hular Remigio ta yi tsalle ta faɗa kwamin aladu. Kafin ya miƙe wani ya saka masa gwiwa a gadon baya, suka murɗe hannuwansa. Sun sha wuyar ɗaure na hagun, don yatsa uku ne da shi, injin niƙa dutse ya cinye biyu tun yana saurayi, igiyar sai zamewa take yi.

Maganar 'Yar Ja ce. Ƙaramar tarakta ce ta lambu, ba ta fi maraƙi tsayi ba, giya uku gaba, ɗaya baya. Gidaje talatin da ɗaya suka haɗa ƙarfi suka sayo ta. Kowane gida da ranarsa, a gidan mai rana take kwana, da safe ya fita da ita. Remigio ne bakanikenta, don kaf garin shi kaɗai ya san bambancin sifana goma sha uku da goma sha huɗu. Ƙarshen watan Yuli ya yi mata sabis na shiga aiki. Ya yi juyen man inji, ya canza fulogi, ya wanke matatar iska da kananzir, ya ɗame bel, ya bi gaɓoɓinta da giris, ya zuba wa giyabos sabon mai lita biyu har ya leƙo ta ramin gefe. Sati uku tana aiki lafiya. Jiya da yamma, a tsakiyar gonar Toribio, ta ƙwalla wata irin ƙara, tayoyin baya suka cije, ta tsaya cak. Gidaje goma sha huɗu ba a yi musu kaftu ba, ruwan dam kuwa ranar da aka sa za a sake shi, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Kafin gari ya waye wani ya tuna ya ga Remigio a kasuwar Punata ranar Talata da ƙarfe nannaɗe cikin buhu. Kafin a karya kumallo magana ta nuna: ya cire haƙoran giya na asali ya sayar, ya cusa na bola. Kan famfon wani mutumin ƙauyen gaba ne a cikin buhun, amma ba wanda ya tambaya.

Remigio bai ji tsoro ba. Haushi ya ji. Ya san aikinsa, ya san abin da ya zuba.

"Ku kai ni gabanta in buɗe," ya ce, jini na bin haƙoransa. "A gaban kowa. In an samu ƙarfe ɗaya da ba nata ba, ku cire sauran yatsun."

Sai ga matarsa Nemesia ta fito daga madafi da gudu, hannunta duk ɓawon dankali. Ta tsamo hular daga kwami, ta kakkaɓe, ta ratsa mazan kamar za ta sa masa ita. Ta kai bakinta kunnensa.

"Kada ka buɗe. Ni ce. Ranar da ta kwana a nan na ba ta burkutun chicha. Ƙoƙo ɗaya, ta murfin da ke ƙarƙashin kujera."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Don kada ta ci hannunka," ta ce. "Tun da aka kawo ta ba wanda ya ba ta a baki."

Suka fizge shi suka yi waje.

A watan Agusta bakin ƙasa a buɗe yake, yunwa take ji, wannan ko yaro ya sani. Kafin a sa mata ƙarfe sai an ba ta ta ci ta sha, a ba ƙarfen ma, in ba haka ba su nemi jini da kansu. Ranar ɗaya ga wata an yi wa 'Yar Ja ado da zaren ulu, an yi mata turare, an yayyafa mata chicha, burkutun masararmu. Remigio ya tsaya a kanta ranar kamar mai gadi, yana faɗa yana maimaitawa: ku zuba a taya, ku zuba a goshinta, ku zuba a ƙasa, amma duk inda kuka ga murfi kada ku taɓa. Aka yi ta masa dariya, wai ɗan rami yana rowar bakin 'yarsa. Ashe a cikin gidansa ma ba a ji ba.

Suna jansa a hanya yana lissafi. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda boris mai ƙwayoyin ƙarfe yake. Ƙoƙo ɗaya na iya sa tsatsa. Ko ma bai isa ya kashe ta ba, in ya kwance notin ƙasa na tsiyayar da mai a gaban jama'a aka ga abin da ya fito, za a tambayi wanda ya zuba, Nemesia kuwa ba ta iya ƙarya ba, fuskarta ce za ta faɗa. Dokar garin ɗaya ce ga wanda ya ɓata kayan jama'a, namiji ne ko mace. Bara ya ga abin da aka yi wa wata gwauruwa da ta karkatar da ruwa zuwa gonarta: bulala goma sha biyu, sannan aka datse mata dogayen kitsonta biyu da almakashin askin tumaki. Har yau matar ba ta sake fita kasuwa ba. Nemesia kuma ga ciwon ƙirji, ko tudun coci ba ta hawa sai ta huta sau biyu.

An tura 'Yar Ja har gindin bishiyar molle da ke gaban ɗakin taro. Garin kaf ya fito, mata da farar hularsu a gefe guda, maza a gefe guda. Tata Zenón Jaldín, shugaban ƙungiyar manoma, yana zaune bisa benci, sandar mulki a cinyarsa, bulalar fatar sa rataye a kafaɗarsa. Dattijo ne, shi ya sa ake ce masa Tata, mai sanyin murya, kuma a iya sanin Remigio bai taɓa zaluntar kowa da gangan ba.

"Ku kwance shi," in ji Tata Zenón. "Ba akuya ba ne. Remigio, ka ji abin da ake faɗa. An ce kai da bakinka ka nemi a buɗe. Ga ta nan, ga akwatin kayan aikinka an ɗauko. Buɗe mu gani. In ƙarya aka yi maka, Toribio zai durƙusa ya ba ka haƙuri a nan."

Remigio ya dubi akwatin. Ya dubi inda Nemesia take tsaye, ta cusa bakin mayafinta a baki.

"Ba zan buɗe ba, Tata."

Wurin ya ɗauki ihu.

"Kun ji ko!" in ji Toribio. "Ɗazu yana cika baki, yanzu ya ga ƙarfe ido da ido!"

"Ɓarawo!"

"Daman ɗan rami me ya sani ban da haƙe na ƙasa ya ɓoye a wando?"

Wani ya jefo hoge ya same shi a kunne. Toribio ya taho ta baya ya harbe masa ƙafafu, ya faɗi a kan gwiwa, ya sa takalminsa na taya ya take hannun nan mai yatsa uku, ya murza. Remigio ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Tata Zenón yana buga sanda a ƙasa, ba mai jinsa. Mutane suka matso, da'irar ta tsuke. Ya hango Nemesia ta saki mayafin, ta buɗe baki, ta ɗaga ƙafa za ta fito.

"Ni ne!" ya ce da dukan ƙarfinsa. "Ni ne, Tata! Ku saurara!"

Aka yi tsit.

"Haƙoran na nan, ban taɓa su ba. Mai ne. Sabon man da aka ba ni na sayar a Punata. Tsohon mai na zuba mata, na surka da ruwa don ya cika. Shi ya kashe ta."

Ko a wannan halin sai da ya yaba wa kansa. Ƙarya ce ta bakanike: duk abin da ya fito daga cikinta fari-fari, ruwansa ne. Warin ƙoƙo ɗaya kuwa, man giyabos da ke ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai zai danne shi.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda wurin ya sauke numfashi. Ya zaci za su ƙara tunzura. A'a. Kafaɗu suka sauka, wasu maza har da gyara hula, wata mata ta yi alamar gicciye ta ce an gode Allah. Ya ɗauka murnar kama ɓarawo ce.

Dattawa suka haɗa kai na ɗan lokaci. Tata Zenón ya miƙe.

"Bulala ashirin da huɗu. Sannan ya gyara ta yau, a nan, kafin rana ta faɗi. Wanda aka kashe wa aiki shi zai riƙe bulala."

Suka tuɓe masa riga suka sa ya rungumi molle, suka ɗaure hannuwansa ta ɗaya gefen. Aka kwara masa bokitin ruwan magudana, mai sanyin da ke sa ƙashi ciwo, haka al'ada take. Toribio ya tofa yawu a tafi ya naɗe bakin bulalar a hannu.

Ta farko ta ɗauke masa numfashi. Ta biyu ta sauka daidai kan ta farko. Jama'a ke ƙirgawa da baki ɗaya, har da 'yan mata. A ta shida fata ta fashe, ya ji ɗumi na gangara cikin wandonsa. Toribio ba dukan hukunci yake yi ba, wanda ake yi daga gwiwar hannu. Daga ƙugu yake ɗaukowa, yana ja da baya taku biyu, yana nishi. Ta goma sha ɗaya ta zagayo ta tsaga masa haƙarƙari. Remigio ya cije ɓawon bishiyar har ya ji ɗacinsa a maƙogwaro. Yana jin muryar Nemesia can baya, mata uku sun danne ta, tana cewa ku sake ni in yi magana, su kuma suna toshe mata baki da mayafi, suna cewa yi haƙuri, 'yar'uwa, yanzu za a gama. Daga ta goma sha takwas ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, igiyar ce ta riƙe shi. Ya ji an ce ashirin da huɗu, sannan ya ji an ƙara ɗaya.

"Toribio!" in ji Tata Zenón.

"Hannu ne ya zarce, Tata."

Aka kwance shi ya zube. Aka miƙo masa bulalar, ya sumbace ta, ya ce na gode, Tata, na gode, jama'a, kamar yadda ake faɗa. Wani ya ba shi ganyen koka, mai rage zafi, ya cusa a kunci. Da jiri ya sake shi, ya ja jiki zuwa ga 'Yar Ja.

Hannun bakanike ba ruwansa da abin da ya sami baya. Ya sa duwatsu ya tare tayoyin gaba. Ya kwance kujera, ya cire murfin ƙarfen da ke kan bel, ya ajiye kowane noti cikin gwangwani. Yana da wata tsohuwar jarka da ya yanke gefenta, mai cin lita huɗu, ita yake tara mai da ita. Ya tura ta ƙarƙashin giyabos. Kwanciya da baya ba ta yiwuwa, sai ya kwanta a kan gefensa, ya sa sifana goma sha bakwai a notin ƙasa, ya daki bakinta da tafin hannu. Ya saki. Ya ƙarasa da yatsu, yana kare wurin da jikinsa don kada a ga farkon abin da zai fito.

Ruwa ne ya fara zuwa, rawaya, tsararo. Ya ce a ransa, ga ƙoƙon Nemesia nan, yanzu zai ƙare mai ya biyo.

Bai ƙare ba. Ya yi ta zuba da ƙarfi kamar an buɗe tulu. Gindin jarkar ya rufe, ya hau yatsa biyu, ya hau rabi. Tsamin ya bugi hancinsa, sannan ya tashi ya bi iska, tsamin chicha, da duk wanda aka haifa a kwarin nan zai gane ko a mafarki. Sai da jarkar ta kusa cika sannan abin ya fara kauri, ya koma fari kamar kindirmo. Ya toshe da babban yatsa.

"A ba ni daro."

Ba wanda ya motsa. Nemesia ce ta ƙwace daga hannun matan ta je ta ɗauko na ɗakin taro. Shi ma ya kai rabi kafin ɗigon ƙarshe.

Remigio ya tashi zaune. Ya kwance notuna takwas na murfin sama, ya sa bakin sukudireba ya ɓamɓare shi. Ya shimfiɗa buhu, ya fara fito da kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa yadda suke a ciki, ƙaramar giya, zoben ƙarfen da ake kira wasa, babbar giya, wasa, cokalin canji. Ga boris ɗin baya ya yi ja da tsatsa, ya fashe, ƙwayarsa ɗaya ta faɗa tsakanin haƙora ta karya uku a giya ta biyu. Wannan shi ne ciwon. Amma ba shi kaɗai ya tarar ba. Ya sa hannu ya kwaso ganyen koka da ya dagargaje, cike da tafi. Ya kwaso ƙwayoyin masara da suka kumbura. Ya kwaso alewar sukari mai launi da ta narke ta zama danƙo. Ya warware zaren ulu ja da kore da ya nannaɗe a jikin shaf, kamu uku.

Ya ɗaga kai ya dubi matarsa. Ta girgiza kai. Ita chicha kawai ta zuba.

A lokacin ne ya gane numfashin da aka sauke ɗazu. Baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, ya fi zafin bayansa nesa ba kusa ba. Ya dafa taya ya miƙe.

"Lita biyu take ci," ya ce. Muryarsa ta dushe, amma ba wanda bai ji ba. "Biyu na zuba. Ga shida da wani abu. Gidaje goma sha bakwai ta kwana tun farkon wata."

Ya bi fuskokin da kallo. Wannan ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Wancan ya ga wani abu a sama. Matan da suka danne Nemesia sun ja hulunansu har hanci.

"Kai ka ce ka surka da ruwa," in ji Toribio. "Da bakinka."

"Da masara na surka? Da alewa?"

Akwai ƙoƙon shan chicha rataye a ƙofar ɗakin taro. Remigio ya je ya ɗauko, yana tafiya jini na ɗiga a sawunsa. Ya ɗebo daga jarkar, ya ɗan zuba wa ƙasa nata, ya ɗaga sama. Babbar sifanar taya na ɗaya hannun, bai ma san ya ɗauke ta ba.

"A garin nan kuka koya mini cewa wanda ka ba ya sha, dole ya rama maka, kuma ba a mayar da ƙoƙo. Kun ba ta ta sha. To ga shi tana ramawa. Wa zai fara?"

Ya miƙa wa shugaban ƙoƙon.

"Tata Zenón? Ran huɗu ga wata a gidanka ta kwana."

Dattijon ya dubi ƙoƙon. Remigio ya so ƙwarai mutumin nan ya miƙo hannu, don da ya miƙo da komai ya wuce.

"Hukunci ya riga ya gudana, Remigio," ya ce a hankali. "Ba a tayar da shi. Haɗa ta kawai mu tashi."

Sai Nemesia ta karɓe ƙoƙon daga hannun mijinta. Ta kafa kai ta kurɓa, mai ya bi haɓarta. Ta yi tari har ta durƙusa, ta miƙe.

"Ɗaya nawa ne," ta ce. "Ni na zuba, shi ya sha dukan. Saura na wa?" Ta sake ɗebowa ta nufi Toribio. "Karɓi, ɗan gidan Claros. Kwana biyu ta yi a wurinka, don ka karɓi ranar surukinka. Matarka ta aiko neman alewa gidana, ko ka mance?"

Toribio ya harbi jarkar da ƙafa ta kife, ya bi daron ma. Ƙasa ta shanye ruwan nan take, ta bar man a sama. Ya doke ƙoƙon daga hannunta, sannan ya juyo da bayan hannu ya kai mata a baki. Ta faɗi da baya, kanta ya bugi taya.

Remigio bai yi shawara da zuciyarsa ba. Sifanar ta sauka a tsintsiyar hannun Toribio na dama, aka ji ƙas, kamar an karya rake. Ƙaton ya ƙwalla ƙara, hannun na lilo ta inda ba gaɓa. Remigio ya sake ɗagawa ya sauke masa a kafaɗa, ya ɗaga ta uku yana auna kai, sai 'yan'uwan Toribio suka rufe shi. Duka ta ko'ina, da ƙafa, da dutse, da ƙotar fartanya. Aka taka bayan nan da ya fashe. Wani ya fasa masa gira. Nemesia ta rarrafo ta kwanta a kansa, ita ma ta samu rabonta. Ƙafafu suka bi ta kan buhun, giya da wasa da notuna suka watse cikin ƙasa da mai, wani ma ya ɗauki cokalin canjin ya yi jifa da shi ya faɗa magudana.

Da ƙyar dattawa suka raba, Tata Zenón na zabga bulala hagu da dama. Da ƙura ta lafa ya tsaya yana haki. Bai dubi Remigio ba.

"Wanda ya karya ƙashi a gaban taro ba ya kwana a garin. Kun san doka. Kafin rana ta faɗi."

Game da abin da ƙasa ta shanye, ba wanda ya ce uffan.

Ba su ɗauki wani abin kirki ba. Bargo biyu, tukunya, akwatin kayan aiki. Aladu da kaji Nemesia ta bar wa ƙanwarta, wadda ta karɓa ta kan katanga ba ta fito ba. La'asar ta yi suna bakin babbar hanya suna jiran motar Punata. Remigio na zaune a kan akwatin, ya sunkuya, don ko iska ta taɓa bayan sai ya ji. Nemesia ta jiƙa tsumma tana goge masa gira, leɓenta ya kumbura ya rufe rabin bakin.

Sai suka hango wata tsohuwa tana tahowa da sanda, tana waige. Mama Eustaquia ce, wadda ta riƙe Nemesia ranar aurensu. Ta iso ta kwance ƙullin mayafinta, ta ajiye musu dafaffiyar masara da cuku.

"Ɗana," ta ce, "ni ma na zuba. Rabin ƙoƙo, da ganye uku, daren da ta kwana gidan maƙwabcina. Kowa ya zuba. Zenón ma."

"Kina wurin, Mama. Kina ƙirgawa."

"Ina wurin." Ta share ido da bayan hannu. "Kowa ya kwana yana zaton nasa ne ya kashe ta. Ni ko runtsawa ban yi ba. Sai ga shi ka tashi ka ce kai ne. To me za mu ce? Daɗi muka ji, ɗana. Allah ya yafe mana, daɗi muka ji."

Remigio ya ɗago ya dube ta. Ya ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinsa. Ko ba komai, mutum ɗaya ya tako har nan ya faɗa.

Tsohuwar ba ta tafi ba. Ta yi ta murza bakin mayafi, ta dubi hanya, ta dubi ƙasa. Can ƙarar mota ta taso daga kwana. Sai ta yi sauri ta sa hannu cikin rigarta, ta fito da ƙarfe biyu, ƙaramar giya da wasa guda, duk ƙasa ta manne musu.

"Kafin ka hau, ɗana. Sun tsince sauran, suna can sun rasa gane kansu. Wanne ne ke fara shiga? Jibi ne ranar gonata."

Remigio ya dubi ƙarfen a tafin hannunta. Dariya ta ƙwace masa, mummuna, ta girgiza shi har bayan ya sake ɓallewa, jini ya huda rigar. Nemesia ta ɗauki masarar da cukun ta mayar wa tsohuwar cikin mayafinta, ta ƙulle mata da kyau. Sannan ta sa kafaɗa a hammatar mijinta ta ɗaga shi, ta ɗaga wa motar hannu.